Hasumiyar da Aka Daina Dafawa

Ana gab da magariba, uwar gida tana kwashe shanya, dutse na farko ya faɗo cikin bokitin wanki. Ta ɗaga kai, ba ta ga kowa ba sai tsohuwar hasumiyar da gidansu ya jingina da ita, ta yi jawur da sauran rana. Na biyu ya fasa kofi. Na uku ya sami maigidan a kafaɗa, daidai lokacin da yake bayanin cewa iska ce.

Maigidan ɗan rakiyar baƙi ne. A wannan ƙaramin gari na bakin iyaka abin kallo bai wuce biyu ba: hasumiyar dutse mai murɗaɗɗiyar matattakala, da wani tsohon gidan kwastan a ƙetaren gada, cikin ƙasar maƙwabta. Shekara da shekaru daga hasumiyar yake farawa, ya dafa bangonta ya ce babu ginin da ya girme ta, babbar 'yarsa tana biye da shi da makulli a hannu. Sai mutanen ƙetare suka shafa wa nasu ginin fenti, suka sa masa fitilu. Baƙi suka koma can. Shi ma ya bi su, kuma autarsa yake ɗauka, don ta fi iya yaren can. Makullin ya koma jikin ƙusa.

Jifa ya zama na kowace magariba. Duwatsun duk sassaƙaƙƙu ne irin na bangon hasumiyar, amma an duba ba a ga gurbinsu ba. Daga baya aka fara jin taku a matattakala, a hankali, kamar na mai ciwon gwiwa. Ran nan babbar 'yar ta tsaya a ƙofar ɗaki ta zuba wa mahaifinta ido, ta kira shi da sunan da tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya sake kiransa da shi. Sannan ta faɗi. Ta daina ci, ta daina magana, kullum sai ramewa take yi.

Aka kira malam. Ya zauna a gefen tabarmar ya yi ta karatu har inuwar hasumiyar ta rufe tsakar gidan. Can bakin yarinyar ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Sassauta, malam. Ina jinka."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi ba. Wancan mai dafe da kafaɗa za ka tambaya. Tun kakan kakansa bai san hanyar garin nan ba nake riƙe da ginin nan. Yanzu ya wuce ni ko kallo babu, ya je yana yabon waccan mai fenti."

"Kin san ta ne?"

"Wadda ke cikin gidan kwastan? Ƙanwata ce. Ni na goya ta. A kankare fentin a ga tsagar da ke jikinta."

"To me kike so ki fita?"

"A rushe mata gida."

Malam ya gyara zama. "Ai wata ƙasa ce, baiwar Allah. Ko ni sai da takarda nake shiga."

Uwar gida ta damƙe hannun auta.

"To ya fara da ni," in ji muryar. "Ya dafa ni a gaban baƙi, ya faɗi wace ce babba. Kuma wadda ta saba buɗe ƙofata ita za ta buɗe."

Maigidan, wanda har yanzu bai janye maganar iska ba, ya ce ya yarda, da sauri kuwa. Yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce tana jin yunwa.

Masu ilimin garin sun lura cewa sharaɗin aljanar ya yi kama ƙwarai da abin da yarinyar ta daɗe tana roƙo ba a kula ta ba. Sun kuma yi shiru a kan duwatsun, domin na ƙarshe ya faɗo ne tana kwance a gaban kowa.

Da maigidan ya raka malam bakin titi, ya tambaye shi a hankali, "Da gaske aljana ce, Allah gafarta malam?"

Malam ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar, ya dawo da idonsa kan tagar ɗakin yarinyar.

"Ko wace ce, babba ce aka manta da ita," ya ce. "Gobe ka sauko da makullin nan."