Kwamfutar Bakin Taga

Ranar Litinin da safe, cikin damunar 2008, Insifekta Aloysius Akaa bai ko gama kankare laka daga takalminsa ba sai ga Alhaji Kalilu ya faɗo ofis yana huci. Bayansa wata mata ce siririya mai tabarau, ta rungume jakarta a ƙirji.

Alhaji Kalilu dillalin doya da riɗi ne, kowa ya san shi a Lafia. Shekarun baya ya buɗe shagon kwamfuta a hanyar Makurɗi, don kada a ce zamani ya wuce shi. Matar kuwa Hembadoon ce, injiniyar shagon.

Ƙarar da ya kawo ba ta da tsawo. An shiga ɗakin ciki, an buɗe babbar kwamfuta, an zare faifan ajiyarta. A cikin faifan akwai furojet ɗin ɗaliban kwaleji 'yan ajin ƙarshe, wanda za su miƙa a wannan makon. Ba a fasa kwaɗo ba, kuma mutum biyu ke da makulli.

"Ni da ita," in ji Alhaji. "Ni dai ban saci kayana ba, Yallaɓai."

Daga nan ya ɓalle da faɗa. Ya ce tun ranar da yarinyar nan ta cire manhajar da kowa ya sani, ta sa wata ta kyauta wadda wai mutanen duniya ke haɗuwa su rubuta, ya san za a rina. Araha ba ta ado. Yanzu ga shi ta ɓata aikin 'ya'yan mutane, ta cire faifan don ta rufe kunyarta.

Hembadoon ba ta yi kuka ba. Ta ce ba ita ba ce, sau ɗaya. Insifekta ya sa ta zauna a bayan kantar ofishin 'yan sanda har ya dawo. Ya san abin da wannan zaman ke nufi a gari kamar Lafia: idan ta kwana a nan, ko kotu ta wanke ta, babu wanda zai sake ba ta kwamfuta ta taɓa.

Shagon falo ne mai kwamfutoci a jere, sai ɗan ɗaki a ciki. Insifekta ya tsaya a ɗakin yana kallo, hannuwa a baya.

An mayar da murfin kwamfutar daidai. Ƙusoshin da aka kwance an tara su a murfin gwangwanin madara, ko ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Ga sabuwar sitabilaiza mai daidaita wutar lantarki a gefe ba a taɓa ta ba. Ɓarawon titi ba ya aiki da ladabi haka. Wannan hannun mai sana'a ne, kuma abin bai yi wa Hembadoon kyau ba.

Ya juya kwaɗon ƙofar a tafin hannunsa. Tsoho ne, ya yi tsatsa a wuya. Ya tambayi Alhaji tun yaushe yake nan, Alhaji ya ce tun ranar buɗe shago, ƙarfe ne na gaske. Insifekta ya gyaɗa kai.

Mai buga takardu a shagon sunanta Zuwairatu. Ta rantse cewa ranar Asabar ba ta ɗaga daga kujerarta ba har la'asar, kuma babu wanda ya doshi ɗakin ciki. Tana cikin rantsuwar wani ɗalibi mai suna Terfa, wanda ke tsaye a ƙofa da sauran masu jiran furojet, ya ce shi fa ya zo ranar Asabar bayan azahar bai gan ta ba. Wani mutum ya tarar shi kaɗai, ya ce masa ya dawo Litinin.

Insifekta ya kalli Zuwairatu. Ita kuma ta kalli ƙasa, kamar an rubuta amsar a siminti.

"Ina kika je?"

"Suna, Yallaɓai. A Azuba. Ƙanwata ce ta haihu."

"Wa kika bar wa shago?"

"Malam Ashafa. Ya zo buga takarda, ya ce in je zai tsare mini. Ai ba baƙo ba ne."

Tsoron Alhaji ya sa ta yi ƙarya, ba wani abu ba. Insifekta ya fitar da kowa, ya rufe shagon, ya sa makullin a aljihunsa.

Ashafa shi ne tsohon injiniyan shagon. Shi ya haɗa kwamfutocin tun farko, kuma da can ba a mako ba a kira shi ya cire bairos, wato cutar kwamfuta, ba. Tun da Hembadoon ta canza manhaja, kiran ya ɗauke. Yanzu yana da ɗan shagon gyara a bakin kasuwa.

Ya karɓi Insifekta da fara'a, ya share masa benci, har ya aika a sayo lemo. Ya amsa cewa ya je shagon Alhaji ranar Asabar, amma ɗakin ciki ko inuwarsa bai taka ba.

"To me ka yi duk tsawon lokacin da Zuwairatu ba ta nan?"

"Fama, Yallaɓai. Na zauna a kwamfutar bakin taga. Na sa filas ɗina, ɗan abin da nake ajiye takarduna a ciki, zan buga takarda, ta sandare. Na kashe na kunna, ta sake sandarewa. Haka na yi ta yi har Zuwairatu ta dawo, na tafi ban buga komai ba."

"Kullum haka take yi?"

"Tambayi kowa. In firinta na kunne ka sa mata filas, shi ke nan, ta mutu a tsaye. Abin kyauta ke nan. Ni na faɗa wa Alhaji tun farko."

Insifekta ya buga wa Alhaji waya, Alhaji ya ce gaskiya ne, kwamfutar bakin taga ta fi akuya taurin kai. Zuwairatu ma ta ce haka. Labarin Ashafa ya zauna daram, kuma Insifekta bai ji daɗin hakan ba.

A hanyar komawa ofis ya sayi gasasshiyar masara guda biyu. Ya tarar da Hembadoon inda ya bar ta, ya miƙa mata ɗaya. Ta ce ranar Asabar ta bar shago kafin azahar ta tafi Obi wurin mahaifiyarta, ba ta dawo ba sai yau da motar farko. Nan take ya tura sajan ɗinsa tashar mota ya bincika.

"Kafin ki tafi, me kika yi a shagon?"

"Faci, Oga."

Ya ɗaga gira. Shi facin da ya sani na taya ne. Ta ce ai kusan ɗaya ne. Manhajar da ke tuƙa kwamfutocin a buɗe take, kowa na iya leƙa cikinta. Idan wani ya ga rami, sai ya yi shela, masu ilimi su taru su toshe, su raba facin kyauta ga duniya. Wani facin na tsaro ne, don kada ɓarawo ya shiga. Wani kuma don kada inji ya riƙa tsayawa da mutum a tsakiyar aiki. Ranar Juma'a aka saki guda biyu, ta sauke su, ta sa su a duk kwamfutocin ranar Asabar da sassafe, kafin Zuwairatu ta iso.

Ta ce na biyun ya fi mata daɗi, don da hannunta a ciki. Ita ta gano matsalar, ta rubuta wa masu manhajar. Suka yi makonni suna aiko mata gyara tana gwadawa, wuta na ɗaukewa tana tada janareta, har ya zauna.

Insifekta ya daina tauna masara.

"Wace matsala ce?"

"Kwamfutar bakin taga. In firinta na kunne aka sa filas, sai ta sandare."

Ya ba ta labarin Ashafa kamar yadda ya ji shi. Ta cire tabarau ta goge da bakin zane.

"Asabar bayan azahar?"

"Haka ya ce."

"Ba zai yiwu ba, Oga. Da hannuna na gwada kafin in tafi."

"Wa ya san kin sa facin?"

"Babu. Alhaji in na fara maganar faci, sai ya ce in bar shi ya ji da farashin riɗi."

Sajan ya dawo da amsa. Direban motar Obi ya san ta, shi ya kai ta ranar Asabar, shi ya dawo da ita yau da ƙullin sabuwar doya, kuma ya gan ta a coci can ranar Lahadi.

Da la'asar Insifekta ya tara su a shagon: Alhaji, Zuwairatu, Ashafa da Hembadoon. Ɗalibai sun cika taga suna leƙe. Ya sa aka kunna firinta, ya ja wa Ashafa kujera da kansa.

"Malam Ashafa, ni ban san kwamfuta ba. Nuna mini yadda ta yi maka."

Ashafa ya yi murmushin wanda aka kira cikin sana'arsa. Ya zaro filas daga aljihu ya sa, ya naɗe hannu yana jiran ta sandare.

Ba ta sandare ba. Takardunsa suka bayyana a fuskar kwamfutar. Insifekta ya ce ya buga ɗaya, ya danna, firinta ta yi ƙara ta turo takarda mai ɗumi. Ashafa ya cire filas ɗin ya sake sawa, ya girgiza waya, ya kashe ya kunna. Kwamfuta ta ci gaba da aikinta kamar ba da ita ake ba.

"Ta gyara daga baya," in ji shi. 

"Yaushe? Tana Obi tun kafin ka zo. Yau tana bayan kantata, makulli kuma yana aljihuna. An gyara ta tun safiyar Asabar. Da ka zauna a kujerar nan ko na ɗan lokaci, da ka sani. To ina ka zauna?"



Insifekta ya juya ga Alhaji ya tambaye shi wa ya sayo kwaɗon ɗakin ciki ranar buɗe shago. Alhaji ya kalli Ashafa a hankali, don shi ya sayo.

"Makulli nawa ya ba ka?" in ji Insifekta.

"Biyu."

"Irin wannan kwaɗon da uku yake zuwa, Alhaji. Irinsa ne a ƙofar gidana."

Nan Ashafa ya sauke kai. Ya ce ba sata ya yi nufi ba. Ya ji labarin wani rami a manhajar da ke ba mutum damar shiga ba da kalmar sirri ba, ya zo ya bi ta nan ya hargitsa aikin ɗalibai, a ce manhajar ce ta ci amana. Ya gwada, manhajar ta ƙi buɗe masa, bai san facin tsaro ya riga ya toshe ramin ba, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Sai ya koma ga sukundireba. Nufinsa ranar Laraba ya dawo da faifan ya ce a hannun ɓarayi ya tsinto shi a kasuwa, Alhaji ya kori Hembadoon ya mayar da shi.

"Ni na haɗa shagon nan da hannuna," ya ce. "Yau in wuce ta ƙofa ko sannu ba a ce mini."

"Sai ka zaɓi mace ta kwana a sel don a ce maka sannu," in ji Insifekta.

Sajan ya raka shi shagonsa, suka dawo da faifan a naɗe cikin leda. Aka sa masa ankwa aka wuce da shi mota, ɗalibai suka dare suka ba shi hanya.

Hembadoon ta mayar da faifan, ta ɗaure ƙusoshin da ɓarawon ya tara mata. Aikin ɗalibai ya fito cif, ba abin da ya ɓace. Terfa ya ruga waje ya sanar da sauran.

Alhaji Kalilu ba mutum ne mai saurin ba da haƙuri ba, amma ya bayar, a gaban kowa. Ya ce ta faɗi abin da take so. Ta ce sabon kwaɗo, don ita ta toshe nata ramin, saura nasa.

Insifekta ya ɗauki hularsa zai fita, sai ta ce ya tsaya ya ga wani abu. Ta buɗe sanarwar da masu manhajar suka fitar da facin, ta gangara ƙasa inda suke gode wa waɗanda suka taimaka. Sunaye ne na mutanen ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. A tsakiyarsu ga nata: Hembadoon, Lafia, Najeriya.

Ya sa tabaransa ya karanta, ya sake karantawa. Ya yi aiki a garuruwa da yawa, ya sha jin ana tambayarsa wai ina ne Lafia. Yau ga ta a rubuce, kuma duk mai irin wannan kwamfutar a duniya ya ci albarkacin wata mata da ya ajiye a bayan kanta tun safe. Alfahari ya kama shi, da 'yar kunya a ciki.

Alhaji ya leƙo ta kafaɗarsa, ya sa aka fassara masa. Sannan ya ce a buga masa da manyan baƙaƙe, zai liƙa a ƙofar shago inda duk mai wucewa hanyar Makurɗi zai gani.

"Buga biyu," in ji Insifekta. "Ɗaya tawa ce."

Hembadoon ta koma kwamfutar bakin taga, ta sa filas ɗinta, ta danna.