Uwar Maƙera a Ƙofar Mangaza

Ila ɗan kwangila mugun mutum ne, bai san girman na gaba ba. Da aka ba shi aikin gina mangaza, wato ɗakin ajiyar gyada, a Tarka, shekara uku bayan mulkin kai, sai ya rushe tsohuwar maƙerar da kakannin garin suka narka tama a cikinta. Dutsen da ake dukan ƙarfe a kai kuwa, ya mai da shi matakin ƙofa.

Tsoho Haruna maƙeri ya ce masa, "Yaro, ba a taka uwar maƙera."

"To, zo ka ɗauke uwarka, Baba," in ji Ila, ya goge takalminsa a kai.

Ran da aka gama rufi, ya komo bayan lisha don ya kulle ƙofa. Sai ya ji ƙaurin gawayi, alhali babu wuta. Ga wani mutum tsugune gaban dutsen, ya ba shi baya.

"Kai wane ne? Tashi daga nan!"

"Mai yi mini zuga bai zo ba," in ji mutumin, muryarsa kamar ana goga ƙarfe da magagari. "Zauna."

Ila ya kai hannu zai finciko shi, kafaɗar mutumin ta ƙone masa tafi. Mutumin ya juyo, ya tura yatsu cikin bakinsa, ya zaro jan garwashi ya ajiye bisa dutsen.

Ila ya zauna, ya kama zuga.

Har ya mutu hannuwansa ba su daina zuga ba, na dama ya sauka, na hagu ya tashi. Tuwo ma sai dai a ba shi a baki.