Ruwan Maraba a Bosso

"Ki janye maganar kawai, Zainaba! Me zai ragu a jikinki?"

"Ba zan janye ba."

Kalli ya buga hannu bisa kantar farmasi har kwalabe suka yi ƙara. Wasu ƴan kasuwar tattasai biyu da ke jiran magani suka kalli juna, suka fita.

"Uwata ce fa! Kin dubi idonta kin ce ruwan gidan ubanta ƙazanta ne!"

"Ban ce haka ba. Wa ya faɗa maka?"

"Mariama."

Zainaba ta yi guntun murmushi. Mariama ƴar kawunsa ce, wadda tun da aka fara zancen aurensu ba ta sake amsa gaisuwarta ba.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Jiya Ya Gana, mahaifiyar Kalli, ta shigo sayen maganin ciwon gwiwa, Mariama na riƙe mata da jaka. Ta ce jibi za su tafi Bosso, can bakin tafki, sunan jikan ƙaninta. Shekara huɗu Zainaba ke ba da magani a wannan farmasi ta bakin tashar Diffa, kuma ba matafiyin da take bari ya fita ba ta tambaye shi inda ya nufa ba. Kwana goma ke nan masu kawo bandar kifi daga bakin tafki suna ba ta labari iri ɗaya: zawo da amai, mutum da safe lafiya lau, da la'asar ana neman likkafani. Shi ya sa ta ce wa tsohuwa kada ta sha ruwan da ba a tafasa ba, ko da na maraba ne.

Ya Gana ta ɗaure fuska. Ta ajiye maganin gwiwar, ta fita.

"Kin san al'adarmu," in ji Kalli, muryarsa ta sauka. "A miƙo maka ruwa a gidanku ka ƙi sha? Ai ka zagi gidan ke nan. Ta ce ba za a kai goro gidanku ba sai kin ce kuskure kika yi. Zainabata... kalma ɗaya ce. Don Allah."

Zuciyarta ta karye da wannan suna. Amma ta daure.

"In na ce ruwan lafiya lau ne ta sha, ta kwanta, me zan gaya maka?"

"Wato farar rigarki ta fi ni?"

"Ran uwarka ya fi mu duka biyu."

Ya dube ta. Ya juya. Ko sallama bai yi ba.

Ranar tafiya da hantsi, Zainaba ta tsallaka titi ta shiga tasha, farar rigar aiki a jikinta, ƙullin leda a hannu. Ana ɗaure kaya bisa motar Bosso. Ya Gana na zaune kan tabarma a inuwa, Kalli da Mariama a gefenta.

Ta durƙusa gabanta, jama'a na kallo.

"Ina kwana, Ya Gana. Idan yadda na yi maganar ya ɓata miki rai, ki gafarce ni."

Fuskar Kalli ta washe.

"Amma maganar tana nan."

Fuskar ta sake rufewa.

Zainaba ta kwance ledar. Ta fara nuna kayan ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan jabel ne, mai kashe ƙwayar cuta a ruwa, ɗigo uku a lita guda, a jira rabin awa kafin a sha. Wannan sabulu. Waɗannan ƙunshin gishiri da sukari ne, guda goma. In wani ya fara zawo, ƙunshi ɗaya a lita guda ta tafasasshen ruwa, a yi ta ba shi kaɗan-kaɗan. Ko yana amai kada a daina. Kuma a nufi asibiti nan take."

"Oho! Likita ta zo yi mana lacca!" Mariama ta tafa hannu. "Mu da aka haifa a bakin tafki! Ki kai wa ƴan birni kayanki."

Ta sa ƙafa ta ture ledar.

Ya Gana tana jan carbi, idonta can wani wuri.

Zainaba ta miƙe, ta koma bakin aikinta. Sai da ta ji tashin mota ta leƙo. Tabarma babu, leda babu. Ta ce a ranta wani ya tsinta.

Kwana ɗaya. Kwana uku. Kwana biyar.

Aiki bai tsaya ba. Mai zuwa Maiduguri da buhunan tattasai ta ce ya riƙe gidan sauro. Mai tafiya Agadas ta tambaye shi allurar sanƙarau. Bakinta na magana, kunnenta na tasha.

Rana ta shida Sallau, direban motar Bosso, ya shigo neman maganin ido, duk ya yi buɗu-buɗu da yashi.

"Gidan sunan nan kam ciwon ya taɓa su," ya ce. "Mace ɗaya a cikin baƙin Diffa. An kai ta asibiti a amalanke."

"Wace?"

"Wallahi ban tambaya ba."

Ta shiga bayan kantar farmasi, ta dafa kwalin magani. Ta yi gaskiya, ta sani. Amma gaskiyar ba ta hana hawaye zuba ba.

Rana ta tara, bayan azahar, inuwa ta rufe ƙofar farmasi.

Ya Gana ce. Da ƙafarta. Kalli a bayanta, ya rame.

Tsohuwa ta kwance bakin mayafinta, ta zube wasu takardu bisa kantar farmasi. Ƙunshin gishiri da sukari. Guda goma, duk an yage bakinsu.

"Ƙirga," ta ce.

"Ya Gana... ke kika ɗauka?"

"Da wa? Ina zaune na jawo ledar ƙarƙashin gwiwata."

"Wa ya kwanta?"

"Mariama. Ta sha nata, ta karɓi nawa ta shanye, wai don ta wanke mini kunya. Kafin gari ya waye idonta ya faɗa. Ni na tafasa ruwan. Ni na dama. Wannan," ta nuna Kalli da haɓa, "cokali kawai ya riƙe, yana kuka kamar jinjiri."

"Ya, haba..."

"Yi mini shiru. Likitan can ya ce da ba don abin da muka ɗura mata a hanya ba, da gawa muka kai mishi. Tana gida, ta fara shan kunu."

"Alhamdu lillahi," in ji Zainaba. Sai kuma ta ɗago. "Kika ce ta karɓi naki? Ke ba ki sha ba?"

Ya Gana ta gyara tsayuwa.

"Ƙanina da kansa ya miƙo mini kwarya. Gidan da aka yanke mini cibiya. Mata cike da tsakar gida. Na riƙe ta har hannuna ya gaji, na ajiye. Kwana biyu bai yi mini magana ba."

"Me kika ce musu?"

"Me zan ce? Na ce surukata ta hana ni. Na ce ita ke ba duk matafiyan Diffa magani, kuma ba ta janye magana ko don miji."

Surukata.

Zainaba ta sunkuyar da kai, ta ja gefen kallabi ta rufe fuska. Ta cikin yatsunta ta hango Kalli. Bakinsa na motsi ba sauti: ki yafe mini, masoyiyata.

Ta kau da kai. Bari ya ɗan jira tukuna.

"Ba ni maganin gwiwata da na bari," in ji Ya Gana.

Ta miƙa da hannu biyu.

Tsohuwa ta ƙulle shi a mayafi, ta nufi ƙofa. A bakin ƙofar ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ki gaya wa babanki Juma'a kawunnan yaron nan za su kawo goro. Ni ma zan biyo bayansu in ga uwarki."

Sannan ta juyo, ta dubi Zainaba sama da ƙasa.

"To, likita. In na shigo gidanku aka miƙo mini ruwa, in sha ko kar in sha?"