Ƙararrawar da Oga Ya Kashe

Oga ne ya koya min aikin sa ido a kan na'urorin kamfani: mai lafiya tana nuna kore a allon kwamfuta, wadda ta mutu sai ƙararrawa ta buga a wayoyinmu. Shi ya sa da ya ce, "Ƙanena, karɓe min aikin dare, bayana ke ciwo," ban yi musu ba.

Dare ya raba, allo kore shar, sai sanyin ɗakin na'urorin ya canza, ya zo da warin tsohuwar rijiya. Wani dogon mutum ya fito daga bayan na'urorin. Ƙofar nan sai da kati take buɗuwa, kuma ban ji motsinta ba. Daɓen ɗakin ko biro ya faɗi sai ya yi amo, amma shi yana takowa shiru.

"Sannu da aiki," in ji shi. Bakinsa bai motsa ba, daga cikin fankokin na'urorin muryar ta fito. "Oganka ya ce min ya samo wanda zai tsaya a madadinsa."

Na juya wajen allo zan nemi agaji. Can ƙasan jerin na'urorin an ƙara sabon layi da asusun Oga na shiga kwamfuta, ɗazu da yamma, kafin ya dafa kafaɗata ya tafi. Sunana ne. An kashe masa ƙararrawa, kamar yadda muke yi wa na'urar da za a cire.

Ina kallo koren sunana ya fara dusashewa.