Kukan da Farfesa Ya Kunna a Kurmi

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da mijin 'yar ƙanwata ya saɓa lasifikar ofis a kafaɗa, ya rataya kyamara a wuya, ya nufi kurmi shi kaɗai. Farfesa muke ce masa a gida, don shi ya fara kiran kansa haka. Ba farfesan komai ba ne. Ƙaramin ma'aikaci ne a wata cibiya mai binciken namun daji, a ƙarƙashin wata Dakta marar yawan magana wadda ta yi furfura a bin sawun birai. Amma in ya zauna a tsakar gidana yana kaɗa ƙafa yana zuba, sai ka rantse shi ya shuka dajin.

Bari in gaya muku yadda aikinsu yake, don ni ma sai da aka zaunar da ni aka yi mini bayani. Akwai wasu birai masu farin gemu da suka kusa ƙarewa, kuma ba sa yarda a gan su. To, masu binciken sukan naɗi kukansu, su je bakin kurmi da yamma su kunna kaɗan, su kashe, su yi shiru. In birai sun amsa, an san suna nan, sai a hana saran itace a wurin. Doka guda Dakta ta kafa: kukan manya kaɗai ake kunnawa. Akwai wani naɗi da ta hana a taɓa, na wani ɗan biri da suka tarar a tarkon waya, yana kiran uwarsa har ya mutu.

Shi kuwa Farfesa hoto yake so. Babu wanda ya taɓa ɗaukar fuskar birin nan daga kusa, kuma ya ƙudurta sunansa ne zai fito a ƙarƙashin hoton farko, tun Dakta ba ta dawo daga tafiya ba.

Wata abokiyar aikinsa ta tare shi a bakin ƙofa.

"Wane kuka ka ɗora a ciki?"

Ya yi murmushi, nan take ta gane.

"Kai, ka ji tsoron Allah. Uwa za ka yaudara da muryar ɗanta matacce?"

"Biri ne fa, ba gwoggonki ba," in ji shi. "Ke da Dakta kun tsufa kuna jiran a amsa muku. Ni yau sai sun sauko sun gaishe ni."

"To, a sauka lafiya, ranka ya daɗe," ta ce. Ta ja tsaki ta ba shi hanya.

Kurmin yana da sanyi ko da rani. Ƙasa laushi, ga warin ruɓaɓɓen ganye, ga ƙamshin 'ya'yan itacen da suka faɗi suka fashe. Ya tsaya a bakin wani rafi, ya ajiye lasifika a kan saiwa, ya kunna.

Kukan ya cika dajin. Siriri ne, yana karkarwa, kamar na jinjirin mutum.

Ba a jima ba rassa suka motsa. Wata birinya ta sauko, tana leƙa nan, tana leƙa can, tana ɗaga ganye da hannu. Ta zo har reshen da ke saman kansa. Ka'ida ita ce ya kashe. Bai kashe ba. Ya ƙara murya, yana dariya ƙasa-ƙasa, yana gyara kyamara.

Sai birinyar ta daina nema. Ta dubi tsallaken rafi. Ta haye sama ba tare da ko ganye ya yi ƙara ba.

Kwaɗi suka yi shiru. Gyare ma haka.

Ya miƙa hannu ya kashe lasifika.

"Baba!"

Daga tsallake muryar ta fito. Muryar 'yarsa ce, ƙaramar, wadda ba ta daɗe da iya magana ba. Kuka take, irin na ciwo.

A nan dai zan yi masa adalci: bai tsaya tunani ba. Ya faɗa rafin da takalmansa, laka har gwiwa.

"Ina kike? Gani nan!"

Kukan ya yanke. Ba lafawa ya yi ba, yankewa ya yi a tsakiyar numfashi.

Shiru.

"Baba!"

Ya ƙara taku. Laka ta kai cinya, mai sanyi, mai warin tsatsa. A karon nan ya ji wani abu a bayan kukan: ƙarar cokali a kofi, da kukan ƙofar ɗakinsu wadda ya ƙi sa wa mai. Yarinyar ta yi ɗan tari. Aka yanke.

Shiru.

"Baba!"

Cokalin nan. Ƙofar nan. Tarin nan, daidai inda ya zo ɗazu.

Ya san wannan aikin. Aikinsa ne.

Ya ɗaga kai a hankali.

Wani abu yana zaune a kan reshe. Ƙafafunsa sun sauko har cikin ruwa. Ya yi tagumi, bakinsa a buɗe, leɓunansa ba sa motsi, kukan yana fitowa daga ciki.

Can sama, cikin duhun ganye, wani ya yi raɗa.

"Ya zo."

"Kar ka kashe," in ji wani. "Ƙara masa."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Tasa ce.

Yadda ya fita daga lakar nan, shi ma bai sani ba. Ya bar takalma, ya bar kyamara, ya bar lasifika. Da rarrafe ya hau gaɓa. Kukan yana biye da shi daga itace zuwa itace, ana kunnawa, ana kashewa, har ya faɗo kan titi, inda abokiyar aikinsa da direban cibiya suka tsince shi yana haki kamar kare.

Yarinya kuwa tana kan cinyata duk yammacin nan, lafiya lau, tana wasa da zobena.

Da Dakta ta dawo aka ba ta labari, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Je ka ɗauko mini lasifikata." Bai je ba, bai kuma sake komawa ofis ba. Birai ba su ƙara amsawa a gefen nan ba, kuma da aka rasa shaidar suna nan, masu zarto suka shiga.

Kwanan baya yarinyar ta faɗi a tsakar gidana, ta kuje gwiwa, ta fashe da kuka tana kiran ubanta. Yana zaune a kujera, taku kaɗan tsakaninsu, yana kallon ta. Bai tashi ba. Ya karkata kai gefe, yana jira ya ji ko tarin zai zo.

Ni na ɗauke ta, na share mata hawaye.

"Yi shiru, uwata," na ce. "Ubanki yana bincike."