Amsar da Nurbol Ya Rubuta Ba Safar Hannu

Sanyi ya sauka a garinmu Pavlodar, aka rufe makarantu, aka sallami masu gini, amma Sansizbai ya ƙi rufe filin da yake sayar da motoci. Daga nan komai ya lalace.

Ni ne maigadin wurin. Nurbol kuwa aikinsa ɗumama motoci. Kullum sai ya tayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya kankare musu ƙanƙara, don mai saye ba ya tsayawa jiran motar da ta ƙi tashi. Ranar da Aizere, 'yar maigidan, ta fara aiki a ofis, ta miƙo masa shayi da madara ta taga. Ya tsaya kallonta har shayin ya huce. Na ce masa ya sha, ba hoto aka ba shi ba.

Da maganar aurensu ta taso, uban ya ce sam. Yana da nasa zaɓin, Rustem, mai ciniki da baƙi daga ciki, gefen hita, takalmi na sheƙi. Har an sa ranar da danginsa za su zo su sa mata 'yan kunne, kuma a wurinmu in an sa, magana ta ƙare.

A makon nan man dizal ya daskare a cikin motoci. Nurbol ya riƙa wuni ƙarƙashinsu yana tsiyaye shi, wayarsa can cikin riga don kada sanyi ya kashe ta. Ba ya amsa saƙon Aizere. Rustem ya ce mata ai ya samu wata.

Ta rubuto masa: "Masoyina, shirun nan ya ishe ni. In ka fasa, ka faɗa min. Gobe za su zo."

Da azahar ya gani. Waya ba ta jin yatsa ta cikin safar hannu. Sai ya cire safar, hannunsa jiƙe da mai, ya tsaya a fili yana rubutu.

"Tauraruwata, ni ban iya magana ba. Kar ki ba su kunnenki. Da kaina zan je gaban Baba."

Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa. Kafin in iso, yatsun sun daskare, sun yi fari fat. Sansizbai ya fito a guje, ya damƙi dusar ƙanƙara yana murza masa, yadda iyayenmu suka saba yi.

"Daure, ɗana, yanzu jini zai dawo."

Aizere na kuka tana roƙon a kai shi asibiti. Mu kuma muka yi tsaye, ba wanda ya san abin yi. Da aka je, likita ta ce murzar nan ce ta ƙarasa yatsun.

Sansizbai bai ƙara ambatar Rustem ba. Shi da kansa ya aika wa mahaifiyar Nurbol, ya ce ta kawo nata 'yan kunnen.

Da ƙanƙara ta narke aka ɗaura aure. Aka yanka doki bisa al'adarmu, tsofaffi suka ɗaga hannu suka sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a. Mu a hannun dama muke sa zoben aure. Aizere ta sa masa a hagu, don yatsu uku na daman an baro su a asibiti. Bai sake riƙe sufana ba.