Dutsen Aaltje Brinkhuis

Shekara goma na yi ina karatun tarihi, ladan da na samu shi ne makullin tsohon cocin unguwarmu a garin Zutphen. Da za a sa bututun ɗumama daɓe, ni na kula da ɗaga duwatsun kaburburan da ake takawa a ciki. Wajen mayarwa takardar jerin wurarensu ta ɓace, na ce a jera su yadda suka fi kyau. Matattu ai ba sa kai ƙara.

Wani daren Disamba ina kashe fitilu, na ga wata tsohuwa tana shafa rubutun duwatsun da tafin ƙafa.

"Mevrouw," na ce mata, wato uwargida, "mun rufe. Fasto ma sai Lahadi."

"Kai ne mai ilimin?" Muryarta kamar daga rijiya. "Na ɗan fita, na dawo na tarar da sunana a kan wani ƙato. Aaltje Brinkhuis ba ta kwana da baƙon namiji."

Numfashina na tururi a sanyin. Nata babu.

"Ina wurina, Meneer?" ta ce, wato malam.

"Ban tuna ba."

Ta saƙala hannunta a nawa.

"Ba komai. Mu je gidanka, har ka tuna."